Yadda na gyara matsalar juya duka a WWE 2K23

Da na fara buga wasan bidiyon nan na kokawa abin ya ba ni takaici sosai, abokin karawa zai kamo ni ya maka da ƙasa, alamar juya duka (wato tare harinsa in mayar masa) ta fito a saman kan ɗan wasana, in danna maɓallin alwatika amma ina, kullum na makara. Ashe jinkirin daga talabijin ne, hoton da nake gani yana zuwa ne bayan abin ya riga ya wuce. Na shiga saitin hoto na kunna Game Mode, wanda ke kashe gyare-gyaren hoton da ke jawo jinkirin, wallahi nan take na ji bambanci a hannuna.

Sannan na daina dannawa barkatai, sau ɗaya ake dannawa daidai lokacin da alamar ta fito. A PlayStation alwatika ne, a Xbox kuma Y.

Ɗayar matsalar ita ce tashi idan an danne ni alƙali yana ƙirga uku, wannan a saitin wasan na canza daga na auna lokaci zuwa na danna maɓalli da sauri, ya fi min sauƙi nesa ba kusa ba. Na kuma bar wasan a mataki mafi sauƙi har hannuna ya faɗa.