Ciwon kan da ke cin ido: kurakuran da aka fi yi

Akwai lalurar da likitoci ke taƙaita sunanta da IIH. Ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a ciki ne ke yin matsi a ƙoƙon kai, alhali babu ƙari, babu rauni. Ta fi kama mata masu jiki a shekarun haihuwa, musamman wadda ta ƙara ƙiba kwanan nan.

Akan ɗauke ta hawan jini. A kemis a ɗaura miki awo a damtse, a ce lafiya lau, ki sha Panadol. To ai awon damtse ba ya ganin cikin kai. Sai likita ya leƙa bayan ido ko jijiyar gani ta kumbura, a yi hoton ƙwaƙwalwa don cire zargin ƙari ko daskarewar jini, sannan a sa allura a ƙashin baya a auna matsin ruwan. Ga babba, in matsin ya wuce santimita 25 a ma'aunin, akwai magana.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne raina ƙananan alamu. Kin sunkuya ruku'u, duniya ta yi duhu na 'yan daƙiƙu, ta washe. Kin kwanta, kunne na fuu-fuu daidai da bugun zuciya. Wani lokacin abu ɗaya ya koma biyu. Sai a ce gajiya ce, ko iskokai, ko a yanko tabarau. Gani kuwa ta gefe-gefe yake fara tafiya, mai shi ba ta sani ba, kuma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Don haka ko kan ya lafa, kada ki fasa ranar awon ido.

Kullum ƙwaya ma matsala ce: farasitamol kwana 15 ko fiye a wata kan haifar da nasa ciwon kan.

Wasu kan watsar da Diamox, maganin da ake bayarwa don rage ruwan, saboda yatsu na jin kamar ana tsikarinsu da allura, lemon kwalba kuma ya canza ɗanɗano. Halin maganin ke nan. Ki faɗa wa likita ya daidaita, tare da sanar da shi in kina da juna biyu ko kina nema. Faɗa masa kuma in kina shan tetracycline ko doxycycline don ƙurajen fuska, bitamin A mai yawa, ko maganin ƙara ƙiba, don suna iya tayar da lalurar.

Ɗiban ruwan da allura ta baya kan kawo sauƙi, amma jiki na yin kusan rabin lita na ruwan nan kullum, nan da nan yake mayarwa. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki ya fi shi ɗorewa.