Yadda Ake Amfani da Leda, Raga da Zaren da Ke Narkewa a Ruwa Wajen Kamun Kifin Kap

A tafkunan Ingila da Faransa akwai masu fatsa da ba sa neman kowane kifi sai kap, wato wannan babban kifi mai kiwo a ƙasan ruwa, wanda suke kamawa su auna sannan su mayar da shi da ransa. Tun shekarar 1952, lokacin da wani mai fatsa, Richard Walker, ya kama kap mai nauyin kusan kilo 20 a tafkin Redmire da ke Ingila, sha'awar wannan kifi take ƙaruwa, kuma saboda yawan kamu da saki da ake yi masa ya zama mai tsananin taka-tsantsan da duk koton da ya tarar shi kaɗai a kan ƙugiya. Dabarar da ake yi masa ita ce a ajiye ɗan tarin abinci daidai inda ƙugiyar ta sauka, ko da kuwa nisan jifan ya kai mita 80, domin ya ci ba tare da fargaba ba har ya haɗa da mai ƙugiyar.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne wani sinadari mai suna PVA, wanda yake kama da leda a ido da hannu amma yana narkewa idan ruwa ya taɓa shi. Ana sayar da shi a matsayin leda, da raga mai siffar safa, da kuma zare. Babban abokin gabarsa shi ne danshi, saboda haka kafin komai mai fatsa ya tanadi tawul, ya busar da hannunsa da ƙugiya da dalma, wato nauyin da ke nutsar da ƙugiyar, ya kuma adana kayan a cikin gwangwani mai murfi.

Ledar ita ce ta fi wahalar haɗawa, kuma a ganina ita ce ta fi cancantar a ɓata mata lokaci. Za a yi amfani da gajeriyar tsirkiya mai laushi, wato ɗan zaren da ke haɗa ƙugiya da babban zaren fatsa, wadda ba ta wuce santimita 10 ba, da dalma irin wadda zaren fatsa yake ratsawa ta tsakiyarta. A fara zuba ɗan garin koto a gindin ledar, a sauke ƙugiya da kotonta a kusurwa ɗaya, a ƙara ƙananan tsabar abincin kifi har zuwa rabi, sannan a saka dalmar a rufe ta da sauran tsabar. Daga nan a riƙa bubbuga ledar a tafin hannu har abin da ke ciki ya zauna daram, a murɗe bakinta a jikin zaren fatsa, a ɗaure da zaren PVA, a ɗan jiƙa kusurwoyin ƙasa a naɗe su su manne, ta yadda ƙunshin zai yi tauri kamar curin fura. Idan akwai iska a ciki, a soke shi da allura a wurare kaɗan, domin ledar da ta riƙe iska takan yi iyo a saman ruwa ta fashe a can, abincin ya watse nesa da ƙugiya. Amfanin wannan wahala yana bayyana ne a tafki mai ciyawa ko taɓo, inda ƙugiyar take isa ƙasa a rufe, babu abin da ya maƙale a bakinta.

Raga ta fi sauri. Tana zuwa ne a sanye a jikin bututun roba: a ƙulla ƙarshenta, a zuba koto ta bakin bututun, a danna da sandar da ake haɗowa da shi, a jawo ragar ƙasa, a yi ƙulli biyu kusa da juna, a yanke a tsakaninsu, ƙulli na biyu ya zama gindin ƙunshi na gaba. Ana iya rataya ƙunshin a kan ƙugiya kai tsaye, ko a zura tsirkiyar ta cikinsa da doguwar basilla har bakin ƙugiyar ya ɗan shige. Sai dai da yake ruwa yana ratsa ragar nan take, a wuri mai zurfi lokacin zafi takan narke tun kafin ta kai ƙasa, kuma maganin haka shi ne a ninka ta biyu ko a koma ga leda.

Shi kuwa zaren PVA, aikinsa jera dafaffun ƙwallayen koto ne guda uku ko huɗu a rataya a ƙugiya. Wajibi ne a bar ɗan fili tsakanin ƙwallo da ƙwallo, domin idan sun matsu ruwa ba zai kai ga zaren da ke cikinsu ba, sai su zauna a manne.

Abin da ake zubawa a ciki shi ma yana da ƙa'ida. Busasshen gari da tsaba ba su da matsala, haka nan man kifi, tunda mai ba ya narkar da PVA, amma duk ruwan ƙamshin da aka haɗa da ruwa zai huda ledar tun tana hannu. Mai son saka dafaffiyar masara ya tsane ta sosai, ya gauraya ta da gishiri mai yawa, saboda gishirin yana rage wa danshin ƙarfi na ɗan lokacin da ake bukata a yi jifa.

Sanyin ruwa yana jinkirta narkewa ƙwarai, musamman a hunturun Turai, don haka kafin jifan farko ya kamata a saka ƙunshi ɗaya a bakin tafki a ga lokacin da yake ɗauka da kuma yadda abincin yake kwanciya kewaye da ƙugiya. Wajen jifa a yi shi da natsuwa ba da fizga ba, a ɗan tare zaren da yatsa gab da faɗawa ruwa, a bar ƙunshin ya sauka a kan miƙaƙƙen zare. Bayan ya taɓa ƙasa kada a ja dalmar ko kaɗan lokacin daidaita sanda, domin jan taku ɗaya ya isa ya fitar da ƙugiyar daga tsakiyar abincin ya jefa ta cikin ciyawa.