Kurakuran da ɗaliban jinya ta hanyar zane ke yi a lokacin sanin makamar aiki

A Ingila ba ka isa ka kira kanka mai jinya ta hanyar zane ba, wato mai amfani da zane wajen taimaka wa masu damuwa ko matsalar tunani, sai hukumar HCPC mai sa ido kan wasu ma'aikatan lafiya ta yi maka rajista. Kafin nan sai ka yi digiri na biyu, ka kwashe kimanin kwana 120 kana aiki a asibiti, makaranta ko gidan yari a ƙarƙashin wani gogagge, kai ma kana zuwa wurin naka mai jinyar har ka gama karatu. A kwanakin nan ne ɗalibi ke tafka ɓarna, ni ma na tafka tawa.

Wadda aka fi yi ita ce yi wa zane fassara kamar mafarki. A makona na biyu wata yarinya 'yar shekara tara ta cika takarda da baƙin fenti, na rubuta a rahoto cewa damuwa ta yi mata katutu. Malamar da ke duba aikina ta ce, "Ka taɓa sauran kwalaben?" Ashe ja da shuɗi sun bushe ƙamas, baƙin kaɗai ke fita. Gyaran mai sauƙi ne: ka ce, "Ba ni labarin wannan," ka yi shiru. Haka ma kada ka ce, "Kai, ya yi kyau!" Da zarar ka yaba, yaro zai koma zana abin da zai burge ka.

Waɗanda suka fito daga makarantar zane kuwa, hannunsu ne ke ƙaiƙayi. Edith Kramer, wadda ta yi aiki da yara a Amurka, ta kira taimakon mai jinya "hannu na uku". Idan ƙafar dokin yumɓu ta ɓalle, nuna wa yaron yadda ake liƙawa. Kada ka ƙara wa dokin wutsiya.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne ɗalibin da ke shiga zaman duba aiki da labarin nasara kaɗai, don tsoron maki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Awar nan an ware ta ne don zaman da ya watse: mutumin da ya yaga takardarsa ya fice, matar da ka ji ba ka son ganinta ba tare da ka san dalili ba, mintin 15 da ka ƙara wa wani saboda tausayi. Ka je da zanen, kada ka tsaya ga siffanta shi da baki. Wasu malaman ma kan ce ka zana yadda zaman ya bar ka, a kalla tare. Abin da ka ɓoye a nan, majinyacin ne zai biya kuɗinsa a mako mai zuwa.

Kada ka ɗauki hoton zane da wayarka. Zanen sirrin mai shi ne, daidai yake da fayil ɗinsa: sai da izininsa a rubuce, a rufe suna, a ajiye a kabad mai makulli. A sashen masu taɓin hankali, ƙirga almakashi kafin zama da bayansa.

Sai rabuwa. Ɗalibai kan ja baki har ranar ƙarshe saboda nauyi. Tun saura mako shida ka faɗa wa majinyacin, ku riƙa ƙirga zaman da ya rage tare, ku kuma yanke shawara ko zai tafi gida da zanensa ko a bar masa a kabad.