Babi na Bakwai: Haɗa Labule Ba Tare da Allura ko Keken Ɗinki Ba

Wannan babi na matan ajinmu ne na yamma a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, da kuma duk wadda littafin ya isa hannunta a Kasala ko Sinnar ko Mai Wurno. Da yawa daga cikinku kun faɗa mini cewa kuna son labule a taga da ƙofa, wato abin da ake kira sitara a kasuwa, amma kuɗin tela ya yi yawa, ga shi babu keke a gida. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, gidajenmu suka cika da 'yan'uwa daga Hartum da Madani, har ɗaki ɗaya ya zama na iyali biyu, saboda haka labule ya zama sutura da ake raba ɗaki da ita, bayan aikinsa na tare rana da ƙura da idon mai wucewa. Duk wadda ta iya ninke zane za ta iya wannan aiki, in Allah ya yarda.

Darasi na 1: Kayan aiki

Abu na farko shi ne ƙyalle, kuma ba dole ba ne ya zama sabo. Tsohon tob, wato dogon mayafin da mata suke naɗawa a jiki, wanda aka daina fita da shi ya isa, domin tsawonsa yakan haura mita 4, sai dai mai shara-shara ne, don haka a ninka shi biyu idan ana son ya tare ido. Tsohon zanen gado ma yana yi. Wadda za ta saya, shawarata ita ce ta nemi yadin auduga mai ɗan kauri irin damuriyya, saboda yana tare zafin rana, iska kuma tana ratsa shi, sannan yana karɓar guga ya riƙe kalmasa. Yadin roba mai santsi yana da sheƙi a ido, amma yana zamewa a hannu, kuma guga mai zafi tana narkar da shi.

Bayan ƙyalle ana buƙatar tef na awo irin na tela, da almakashi mai kaifi, da dutsen guga ko na gawayi ne, da fil mai kulle wanda ake kira dabbus kamar guda 20, da igiyar shanya mai ƙarfi ko waya, da ƙusa biyu dogaye, da guduma, da guntun sabulu ko alli na yin alama. Sai littafin rubutu da fensir, kuma kada wadda ta ce za ta riƙe lambobi a ka, domin na ga inda hakan yake ƙarewa.

A wanke ƙyallen auduga a shanya ya bushe tun kafin a auna shi. Auduga takan tsuke a wankin farko, kuma wadda ta yanka kafin ta wanke za ta tarar labulenta ya ɗage bayan mako biyu.

Darasi na 2: Awo

Iyayena da yayyena, a nan ne ake faɗuwa, don haka a nan za mu daɗe. Ku ɗauki tef ɗin ku miƙe shi a kan tabarma. Yana da fuska biyu. A fuska ɗaya lambobin manya ne, suna da tazara, kuma suna ƙarewa a kan 60, wannan ita ce fuskar inci, ba da ita za mu yi aiki ba. A ɗaya fuskar lambobin sun matsu da juna, suna ƙarewa a kan 150, wannan ita ce fuskar santimita, ita ce tamu. Kafin kowane awo ku duba ƙarshen tef ɗin, idan kun ga 150 to kuna kan hanya, idan kun ga 60 ku juya shi.

Wata baiwar Allah a ajin bara ta auna tagarta da fuskar inci ta rubuta 31, muka yi mata lissafi a matsayin santimita, ta je ta yanka zanen gadonta guda ɗaya tilo. Da ta kara a taga, bai rufe ta ba, domin tagar santimita 80 ce. Ba ta yi kuka ba, amma ta yi shiru har aka tashi. Laifina ne da ban duba littafinta ba, shi ya sa yanzu nake maimaitawa: fuskar da ta ƙare a kan 150 ita ce tamu.

Abu na biyu shi ne inda ake farawa. A bakin tef akwai ɗan ƙarfe, kuma daga bakin wannan ƙarfe awo yake farawa. Wasu suna ɗora lamba 1 a gefen taga, wasu kuma suna kama tef daga wutsiya, su fara daga 150 suna komawa baya. Ku ɗora bakin ƙarfen a gefen taga na dama, wata ta danne muku shi da yatsa, ku ja tef ɗin a miƙe ba tare da ya yi ciki ba har gefen hagu, sannan ku karanta lambar da ta faɗo daidai gefen. Aikin mutum biyu ne, ko da jikarki ce za ta riƙe miki.

Abu na uku shi ne karanta lambar. Mu da muka saba ganin lambobin Larabci a takardun kuɗi da allunan shaguna muna da wani tarko na musamman, domin tef ɗin da lambobin boko aka rubuta shi. Biyar ta Larabci zagaye ce, sifilin boko ma zagaye ne, don haka mace takan ga 80 ta karanta ta tamanin da biyar. Shida ta Larabci kuma tana kama da 7 ta boko. Idan tef ya juye kansa ƙasa, 6 takan koma 9. Maganin wannan shi ne ku tsaya ta inda lambobin suke tsaye daidai a gabanku, ku duba lambar da ke gaba da wadda ke baya: idan kafin ita 79 ce, bayanta kuma 81, to babu shakka 80 ce. Kada ku ji kunyar yin wannan a hankali, domin ni ma haka nake yi.

Yanzu ku rubuta a littafi kalmar faɗi, ku sa lambar a gabanta. Faɗi shi ne daga dama zuwa hagu. Sannan ku ɗora bakin ƙarfen a saman taga ku sauko zuwa ƙasanta, ku rubuta kalmar tsawo, ku sa lambar a gabanta. Tsawo shi ne daga sama zuwa ƙasa. Kada a rubuta lamba tsirara babu sunanta, domin gobe ba za a tuna wace ce ta faɗi wace ce ta tsawo ba. Idan kun gama, ku ajiye tef ɗin, ku sha ruwa, ku dawo ku sake auna duka biyun daga farko. Idan lambobin sun zo ɗaya, madalla. Idan sun bambanta, a auna karo na uku.

Darasi na 3: Lissafin ƙyalle

Labule ba ya zama daidai da girman taga, dole ya fi ta. Mu ɗauki taga mai faɗin santimita 80 da tsawon santimita 100, wato mita ɗaya. A faɗi, ana ƙara 10 a dama da 10 a hagu don kada haske ya leƙo ta gefe, ya zama 100. Sai a ƙara rabin wannan lamba a kanta, wato 50, ya zama 150. Wannan ƙari shi ne yake ba labule tattara. Idan babu shi, labulen zai tsaya a miƙe kamar an shanya tsumma, kuma iska kaɗan za ta buɗe gefensa.

A tsawo, ana ƙara 10 domin igiya za ta zauna a saman taga, da 15 domin labule ya sauka ƙasa da ita, da 10 na aljihun da igiya za ta bi, da 5 na kalmasar ƙasa. Idan aka haɗa 100 da 10 da 15 da 10 da 5, an sami 140. Ke nan wannan taga tana buƙatar ƙyalle mai faɗin 150 da tsawon 140.

Akwai sauƙi guda a nan. Yadi da yawa a kasuwa faɗinsa santimita 150 ne, kuma gefensa biyu saƙaƙƙu ne tun daga masaƙa, zare ba ya warwarewa daga gare su. Wadda ta sayi mita ɗaya da rabi na irin wannan yadi ta huta da kalmasar gefe gaba ɗaya. Ku tafi kasuwa da tef ɗinku da littafinku, ku auna faɗin yadin da hannunku, ku kuma tambayi mai shago ko da mita yake awo ko da yadi, domin yadi santimita 91 ne da ɗan ɗoriya, mita kuwa 100 ce cif.

Kafin a fita kasuwa a koma taga a sake aunawa. Fuskar 150, daga bakin ƙarfe, faɗi da sunansa, tsawo da sunansa.

Darasi na 4: Yanka da kalmasa

A shimfiɗa ƙyallen a kan tabarma a ƙasa, ba a kan gado ba, domin gado yana lotsawa. A auna tsawon da aka rubuta a gefen dama a yi alama da sabulu, a auna a tsakiya a yi alama, a auna a gefen hagu a yi alama, sannan a haɗa alamomin uku da layi ɗaya ta hanyar ɗora miƙaƙƙen katako.

Dole in faɗi wata magana a nan, ku yi mini haƙuri. A makon jiya na ga mata uku, cikinsu har da wadda ta haife ni a shekaru, sun ɗauki almakashi suna cewa idonsu ya isa awo. Hajiya, idonki ya isa awon gishiri a miya, wannan ban musa ba, amma bai isa awon labule ba. Kamu da taƙi ma ba su da tabbas, domin hannun kowa da tsawonsa. Mun shafe darasi guda cur a kan tef, kuma abin takaici ne a ce an bar shi a jaka. Abin da almakashi ya raba, ba mu da allurar da za ta mayar da shi, tunda aikin namu ba na ɗinki ba ne. A ajiye almakashi, a duba littafi, a duba fuskar tef, a sake auna layin, sannan a yanka.

Bayan yanka sai kalmasa. A ƙasan ƙyallen a lanƙwasa kamar faɗin yatsa ɗaya a goge, a sake lanƙwasawa kamar faɗin yatsu biyu a goge sosai, ta yadda bakin da aka yanka zai ɓuya a ciki. A soka fil daga bayan ƙyallen, tsakanin kowane biyu tazarar tafin hannu, a kama zare kaɗan kawai daga gaba don kada ƙarfen ya fito fili. A sama kuma a lanƙwasa santimita 10 zuwa baya, a goge, a jera fil a bakin lanƙwasar. Ramin da ya samu shi ne aljihun igiya.

Wadda ta sami siririn tef ɗin gam a wurin masu sayar da kayan tela, wanda ake cusawa cikin kalmasa a danne da guga ya manne, tana iya amfani da shi a maimakon fil: a ɗora ɗan ƙyalle mai laima a kai, a danne, a ƙirga har goma, a ɗaga. An tambaye ni ko ƙaro zai yi, tunda ƙasarmu ce gidansa. Ba zai yi ba, domin ruwa yana narkar da shi.

Darasi na 5: Ratayewa

A buga ƙusa ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowace santimita 10 sama da taga da santimita 10 daga gefenta, kuma da tef za a auna wannan ma. A bangon ƙasa a karkata ƙusar, kanta yana kallon sama, don kada nauyi ya zare ta. A ɗakin ciyawa irin gutiyya a ɗaura igiyar a jikin itacen ginin. A maƙala fil a bakin igiya a tura ta cikin aljihu har ta fito, a ɗaure ta tamau, sannan a baza tattarar da hannu. Wadda ba ta son aljihu tana iya maƙale labulen a igiya da abin maƙale shanya, wato mashbak, sai dai iska mai ƙarfi takan fizge shi.

Darasi na 6: Kulawa

A cire fil duka kafin wanki saboda tsatsa, a ƙirga su, a ajiye inda yara ba za su kai ba. A nisanta kaskon turaren wuta da murhun gawayi daga labule. A lokacin ƙura a kakkaɓe shi sau ɗaya a mako. Labulen ƙofa da na raba ɗaki duk haka ake yin su, sai dai a bar tazarar yatsu uku tsakaninsa da ƙasa. Ranar Asabar kowace ta zo da littafinta, da awon taga ɗaya a rubuce.