Darasi na 9: Ƙanƙara a Wurin Ɗinki Bayan Haihuwa

Malama ta karanta da ƙarfi, ɗalibai su bi ta a hankali.

Mace ta sauka lafiya, ana ta shigowa barka, amma zama ya gagare ta. Tana karkacewa gefe ɗaya, fitsari yana yi mata zafi, in tari ya zo sai ta cije leɓe. Ciwon yana matsematsi, wato naman da ke tsakanin gaba da dubura. Nan ake ƙaruwa, nan kuma ungozoma take yin ƙari idan hanya ta yi wa kan jariri kaɗan. A nan Sudan, matan da aka yi wa kaciya, musamman irin wadda ake ɗinke gaba, sun fi kowa shan wannan wuya, domin tabo ba ya miƙewa kamar lafiyayyen nama. Doka ta hana kaciyar mata a 2020, amma waɗanda aka riga aka yi wa suna nan suna haihuwa.

Ɗora ƙanƙara a wurin yana sauƙaƙa wannan ciwo: sanyi yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, kumburi ya ragu, raɗaɗi ya lafa. Abin da ake yi wa yaro ne in ya buge goshi ya yi ƙulu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan dabara cikin shawarwarinta na kula da mai jego, tare da shan farasitamol.

Hira a tsakar gida

Goggo ta ga wata ɗaliba za ta ɗora wa mai jego ƙanƙara.

"Ke 'yar nan, ƙanƙara a jikin mai jego? Tun daga Mai Wurno har Gadarif ban taɓa ji ba. So kike sanyi ya shige ta?"

"Goggo, ku yi haƙuri. Ba wanka za ta yi da ita ba, ba kuma sha za ta yi ba. Wuri ne da bai fi tafin hannu ba, na 'yan mintoci. Ku lulluɓe ta, ku ba ta kununta da zafinsa."

"To ruwan zafin fa?"

"Zai zo a lokacinsa. Yau da gobe dai kumburi muke yaƙi da shi, zafi kuwa ƙara shi yake yi."

Tsoron Goggo ba na banza ba ne, haka ta tashi ta gani. Amma abin da mata suke kira ciwon sanyi ƙwayoyin cuta ne suke kawo shi. Ƙazamin tsumma zai iya sa shi. Tsabtatacciyar ƙanƙara a naɗe ba za ta sa ba.

Yadda ake yi

Ki wanke hannu da sabulu. Ki daddaka ƙanƙara kamar cikin hannu ɗaya, ki zuba a sabuwar leda, ki ɗaure bakin, ki naɗe da farin ƙyalle mai laushi wanda aka wanke ya bushe a rana. Mai jego ta kwanta ta gefe, a ɗora mata a wurin minti 10 zuwa 20. Ki duba agogon waya, kada ki yi kintace. In lokaci ya cika a cire, a tsane wurin da ƙyalle busasshe ba tare da gogawa ba, daga gaba zuwa baya, a sa sabuwar auduga. Sai wurin ya huta aƙalla awa 1 kafin a sake. Kada ta yi barci da ita, kada kuma ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye, domin tana ƙuna.

Nan ne aka fi yin kuskure: ƙanƙarar kasuwa. Kun san ta, babban dunƙule da ake jawowa a kan amalanke an rufe da buhu, mai sayarwa yana sara da adda. Ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba. In ita kaɗai ce a hannu, a sa leda biyu, kuma kada ruwanta ya ɗiga kan ɗinki. In babu wuta, babu ƙanƙara, kamar yadda ya zama ruwan dare tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, a tafasa ruwa, a zuba a kwalba mai murfi, a tsoma kwalbar cikin randa har ta yi sanyi. A jiƙa ƙyalle mai tsabta da shi, a matse, a ɗora. Bai kai ƙanƙara ba, amma yana sauƙaƙawa. Mai ciwon sikila kuwa ta tambayi likita tukuna, don sanyi yana tayar mata da ciwo.

Amfanin sanyi yana cikin awa 24 zuwa 72 na farko. Daga nan sai zama cikin ruwan ɗumi a baho mai tsabta. Ɗumi aka ce, wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa. Tafasasshen ruwan da ake fyaɗawa da ganyen darbejiya yana sale fata, kuma likitoci a Zariya tun shekarun 1970 sun danganta wankan jego mai tsanani, da kwanciya a gadon wuta, da yawan kunun kanwa, da ciwon zuciya bayan haihuwa. Turaren tsuguno na dukhan shi ma ya jira sai ungozoma ta duba ta ce ɗinki ya warke.

Ƙanƙara ba ta warkar da ciwon da ya ruɓe. A tafi asibiti nan take idan jini ya jiƙe auduga cikin awa 1, ko zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, ko wurin yana wari ko fitar da mugunya, ko ɗinki ya buɗe, ko kumburi mai tauri yana ƙara girma, ko fitsari ya ƙi fita, ko ciwon kai mai tsanani ya zo da dishi-dishin gani.

Mai ciki da basir ya dame ta, ko jijiyoyin gabanta suka kumbura, za ta iya ɗora ƙyalle mai sanyi haka nan, amma ta faɗa a wurin awo. In kuma wani ya ce muku sanyi yana sa a samu ciki, kada ya karɓe muku kuɗi: sanyaya matsematsi ba ya sa mace ta ɗauki ciki.  In an shekara 1 babu ciki, ko wata 6 ga wadda ta haura shekara 35, miji da mata su je asibiti tare.

Aikin gida

Ki rubuta lambobin nan a littafinki, ki faɗi abin da kowace take nufi a darasin: 20, 72, 38. Sannan ki rubuta jimla biyu da za ki faɗa wa Goggo idan ta hana a sa ƙanƙara.