Kafin ku sauya op-amp a amfilifayar hedifon

Jama'a, wanda ke son gwada op-amp (guntun lantarki mai ƙara ƙarfin sigina) daban-daban, ya sa soket mai ƙafa 8 tun farko, kada ya liƙa guntun da dalma kai tsaye. A cire batir kafin kowane sauyi, a duba ɗigon ƙafa ta 1. Juya shi baya, nan take yake ƙonewa.

OPA2134 da NE5532 tagwaye ne, wato op-amp biyu a guntu ɗaya: wuta a ƙafa ta 8 da ta 4. OPA627 kuwa guda ne, tasa wutar a ta 7 da ta 4, don haka sai an haɗa biyu a kan adafta.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne NE5532. Mashigarsa na jan wutar lantarki kusan nanoampiya (nA) 200. In ta ratsa resista om dubu 100 (100k) a mashiga, ta zama milivolt (mV) 20 na tsayayyar wuta (DC); in amfilifayar na ninkawa sau 11, ta kai wajen mV 220 a mafita. Hedifon ba ya son haka. A auna mafita da mita kafin a jona hedifon, a nemi ƙasa da mV 20.

Guntu ya yi zafi babu kiɗa? Mai yiwuwa kaɗawa (oscillation) yake yi, wato yana haifar da sigina da kansa. A sa kafasita 0.1µF dab da ƙafafun wuta. In za a haɗa mafita biyu don ƙarin ƙarfi, kowacce ta bi ta resista om 47, in ba haka ba kokawa za su yi da juna.