Kafin ka sa hannu a tayin kuɗi daga jami'ar Amurka

A filayen kwando na Samaru da Kongo yanzu hirar ɗaya ce, wai jami'o'in Amurka sun fara biyan 'yan wasansu. Gaskiya ne. Ranar 6 ga Yuni 2025 alkaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun ƙarar da ake kira House, wadda 'yan wasa suka shigar a kan NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, kuma daga 1 ga Yuli kowace jami'ar da ta shiga tsarin ta samu damar raba wa 'yan wasanta kuɗi, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Amma kafin uba ko koci ya fara lissafi da naira, ga abin dubawa.

Fara da tambayar ko makarantar ta shiga tsarin. Ba dole ba ne, kuma jami'o'in Ivy League, rukunin su Harvard da Yale, sun ƙi. Miliyan 20.5 ɗin nan iyaka ce, ba kyauta daga NCAA ba. An ƙirga ta a kan kashi 22 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin shigar manyan jami'o'i daga talabijin, tikiti da masu talla. Kowace makaranta ita ke nemo nata. Big Ten, ɗaya daga ƙungiyoyin gasar manyan jami'o'i, tana da kwantiragin talabijin na kusan dala biliyan 7, to nata da sauƙi. Jami'ar Tennessee kuwa kashi 10 ta ƙara a kan tikitin kallo. Ƙaramar makaranta sai roƙon tsofaffin ɗalibai ko rage wasu wasannin.

Sai rabon. Yawanci ƙwallon Amurka ke kwashe wajen kashi 75, kwandon maza kashi 15, na mata kashi 5, sauran wasanni duka su raba ragowar. Ɗan tsere ko ɗan ƙwallon ƙafa kada ya sa rai da yawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne biza. Yaron da ya tashi daga Zariya zai shiga ne da F-1, bizar ɗalibi, wadda ta taƙaita aikin da zai yi don kuɗi a cikin Amurka. Idan hukumar shige da fice ta ɗauki wannan biya a matsayin ladan aiki, bizar na iya lalacewa, karatun ma ya tafi. Saboda haka a nemi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar, wanda ke ba da takardar I-20 ta neman bizar, ya bayyana a rubuce yadda za a biya shi. Maganar koci a waya ba hujja ba ce, shi burinsa yaro ya iso kafin kakar wasa.

Haraji ma yana nan. Kuɗin makaranta da tallafi ya biya ba a cire masa komai, amma na ɗaki da abinci ana cire wa ɗan F-1 kashi 14, sauran kuɗin shiga kuma zai iya kai kashi 30, tunda babu yarjejeniyar haraji tsakanin Nijeriya da Amurka.

A takardar kanta a duba abu uku: wata nawa za a biya, me zai faru idan ya ji rauni, nawa zai mayar idan ya canza makaranta. Kuɗin talla daga wani kamfani kuwa daban yake da na makaranta, kuma duk wanda ya kai dala 600 sai an shigar da shi a NIL Go, shafin da ake duba irin waɗannan yarjejeniyoyi, don tantancewa. Dillali kuwa a rubuta kasonsa tun farko.

Duk wannan bayan an yi rajista da NCAA Eligibility Center ne, ofishin da ke tantance cancantar ɗalibi ya yi wasa, an tura sakamakon WAEC ko NECO tare da takardun maki tun daga JSS 3. Rukuni na ɗaya na NCAA, wato na manyan jami'o'i, yana neman darussa 16 da matsakaicin maki 2.3 cikin 4, don haka a fara tattara takardun tun yaro yana SS 2.